Tarihin Na'urorin Sarrafa Fitilu da Marufan Taga a Turai da Amurka, da Abin da Yake Koya wa Mai Zaɓe

1.0 Gabatarwa

Magidancin da ya tashi gina gida a Jamus ko Faransa a wannan zamani, tun kafin a shafe bango da siminti ake sa shi ya yanke shawara a kan wani al'amari da kakanninsa ba su san da shi ba, watau ta wace hanya za a riƙa kunna fitilun gidan, kuma ta wace hanya za a riƙa ɗaga marufan tagoginsa da sauke su. Kasuwa ta cika da tsare-tsare iri-iri, kowane kamfani yana yabon nasa, alhali kuwa kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne, kuma wayar da aka binne cikin bango ba ta fitowa sai an fasa bangon. Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda waɗannan na'urori suka samo asali, da matakan da suka bi har suka kawo ga yau, domin mu ga ko tarihi yana da abin da zai faɗa wa mai zaɓe. A ganinmu yana da shi. Abin da shekaru 50 da suka wuce suka nuna shi ne, tsarin da yake daɗewa yana aiki shi ne wanda harshensa ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, wanda kuma yake iya gudana a cikin gida ba tare da jiran izini daga waje ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Marufin tagar da muke magana a kansa shi ne irin wanda ake yi da siraran faifai na alminiyam ko roba ko katako, a jera su a wajen taga, su riƙa naɗewa sama a jikin wani bututu. Saboda kamarsa da asabarin da ake ratayawa a ƙofar ɗaki, za mu riƙa kiransa asabarin taga. Harshe kuwa, a nan muna nufin ƙa'idar da na'urori suke bi wajen aika wa juna umarni, kamar "kunna" ko "sauka", da hanyar da umarnin yake bi, ko waya ce ko rediyo.

2.0 Tushe: Makunni da Igiya

Ƙwan lantarki ya shigo gidaje ne ta hannun Joseph Swan a Ingila da Thomas Edison a Amurka, wajen 1879 zuwa 1880. A 1884 wani injiniya na birnin Newcastle, John Henry Holmes, ya ƙirƙiro makunnin da yake yanke wuta farat ɗaya, don hana tartsatsin da yake cinye ƙarfen ciki. Wannan makunni shi ne kakan wanda muke dannawa a bango har yanzu, kuma ya shekara fiye da 70 ba shi da aikin da ya wuce kunnawa da kashewa. Sai a 1959 Joel Spira na Amurka ya ƙera ƙaramar na'urar rage haske wadda take shiga cikin ramin makunni, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961 don sayar da ita. Daga nan ne haske ya zama abin da ake aunawa, a ƙara ko a rage.

Shi kuwa asabarin taga, ya fi yaɗuwa a Jamus da Faransa da Italiya da Sifen, kuma da hannu ake jansa, ko dai da igiya mai faɗi ko da sanda mai mariƙi da ake juyawa. Gida mai tagogi 15 yana bukatar a zaga shi sau biyu kullum, safe da yamma. Wajen ƙarshen shekarun 1960, a garin Cluses da ke cikin duwatsun gabashin Faransa, garin da ya yi suna tun dā wajen ƙera kayan agogo, kamfanin Somfy ya fara yin ƙaramin inji mai siffar bututu wanda ake zurawa cikin bututun da rumfa ko asabari yake naɗewa a kai. Hikimar wannan inji ita ce ba ya cin wuri, ba a ma ganinsa. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara masa kasuwa, domin Faransa a 1974 da Jamus ta Yamma a 1977 sun kafa dokokin tanadin zafi a gine-gine, jama'a kuma suka lura cewa asabarin da aka sauke da dare lokacin hunturu yana rage zafin da yake sulalewa ta gilashi.

Abin lura a nan shi ne, a wannan mataki kowace fitila da kowane inji yana da nasa makunni, babu abin da ya haɗa su. Tun 1966 wani injiniyan kamfanin Westinghouse, James Sutherland, ya haɗa kwamfuta a gidansa da ke Pittsburgh, ya sa mata suna ECHO IV, tana lura da ɗumin gida da agogunansa. Amma girmanta ya kai na manyan kabad-kabad, kuma ba a taɓa sayar da irinta ba. Abin da ake bukata shi ne harshe mai araha.

3.0 Harshe na Farko: X10

A 1975 injiniyoyin kamfanin Pico Electronics da ke garin Glenrothes a Sikotilan suka fito da wannan harshe, suka kira shi X10, aka kuma fara sayar da kayansa a manyan kantunan Amurka a 1978. Dabarar ita ce a aika umarni ta cikin wayar wutar da take bango tun asali. Wutar gida tana kai-komo sau 50 ko 60 a daƙiƙa, a daidai lokacin da ƙarfinta ya faɗo sifili sai na'ura ta cusa ɗan gajeren sauti na kilohaz 120. Kowace na'ura tana da adireshi, watau harafi ɗaya daga A zuwa P da lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, jimla adireshi 256 ke nan. Mutum na iya zama a gado ya kashe fitilar falo, ko ya sa agogo ya riƙa kunna fitilu da magariba in ya yi tafiya, don ɓarayi su zaci da mutane a gidan.

X10 yana da rauni iri biyu. Na farko, na'urorin farko ba sa mayar da amsa, saboda haka wanda ya aika umarni bai san ko ya isa ba. Na biyu, da gidaje suka cika da kwamfutoci da cajojin waya da fitilu masu tanadin wuta, sai hayaniyarsu ta riƙa haɗiye saƙon a hanya. Duk da haka ya yi shekaru fiye da 20 yana jan zarensa a gidajen Amurka, kuma dalili shi ne kamfanoni da yawa sun yi kayan da suke jin harshen, kuma babu abin da yake bukata daga wajen gida. Na'urar da aka saya a 1980 takan amsa umarnin wadda aka saya a 2000.

4.0 Hanyar Turai: Waya ta Musamman

Kamfanonin lantarki na Turai sun bi wata hanya dabam. Maimakon a ɗora magana a kan wayar wuta, sai suka ce a ja wata siririyar waya ta musamman, wadda aikinta ɗaukar umarni kaɗai. A 1990 kamfanoni 15, cikinsu har da Siemens da Gira da Jung, suka kafa ƙungiya a babban birnin Beljiyam don kula da wannan harshe, wanda aka sani da EIB. A lokacin akwai kishiyoyi biyu, BatiBUS na Faransa da EHS. A 1999 ƙungiyoyin uku suka haɗe, daga haɗuwarsu aka sami KNX, wanda ya zama ƙa'idar Turai a 2003, ya kuma zama ƙa'idar duniya a 2006. Yanzu kamfanoni fiye da 500 suke yin kayan da suke jin wannan harshe.

Yadda yake aiki shi ne, wayar nan, wadda galibi koriya ce, tana ɗauke da wuta mara haɗari ta kimanin bolt 30, tana ratsa dukkan makunnai da ma'aunai na gida. Na'urorin da suke buɗe wa fitila ko injin asabari wuta kuwa, ana jera su ne a cikin akwatin rarraba wuta. In an danna makunni, saƙo yake aikawa, duk na'urar da aka ce ta saurari wannan saƙo sai ta aikata. Babu wata uwar na'ura da in ta mutu gida zai tsaya, domin kowace na'ura tana riƙe da nata umarni. Don haka makunnin da yake bakin ƙofa yana iya sauke asabari 12 ya kashe fitilu 20 da danni ɗaya, gobe kuma a canja masa aiki ba tare da an taɓa bango ba. Kayan EIB na shekarun 1990 har yanzu suna aiki a kan waya ɗaya da sababbin kayan KNX. A ɓangaren fitilu kuma, akwai wani harshe na bai ɗaya mai suna DALI, wanda yake sarrafa fitilu har 64 a kan layi ɗaya, kuma ana yawan haɗa shi da KNX a ofisoshi da otal-otal.

Sai dai wannan hanya tana da tsada. Tana bukatar waya mai yawa, da babban akwatin rarraba wuta, da ƙwararren da ya iya manhajar da ake tsara gidan da ita, wadda ake kira ETS, ita ma sayenta ake yi. Bugu da ƙari, in ƙwararren bai miƙa wa mai gida fayil ɗin tsarin ba, duk wanda zai zo gyara daga baya sai ya sha wahala. Tsohon gida kuwa, ba ya karɓar wannan tsari sai in za a yi masa gyaran da ya kai ga fasa bango.

5.0 Zamanin Rediyo

Tsofaffin gidaje sun fi sababbi yawa nesa ba kusa ba, don haka kasuwa ta karkata ga rediyo. Wajen ƙarshen shekarun 1990 Somfy ya fito da RTS, inda ake sa mai karɓar saƙo a cikin injin asabarin, a riƙa sarrafa shi da rimot. Kamar X10, shi ma ba ya mayar da amsa. Daga baya Somfy da Velux na Danmak suka shiga gaba wajen kafa io-homecontrol, wanda yake mayar da amsa, har injin ya faɗi inda asabari ya tsaya ko in wani abu ya tokare shi. Amma harshen rufaffe ne, sai kamfanonin da suke cikin ƙawancen ke iya amfani da shi. Wanda ya sa wa tagoginsa irin waɗannan injuna ya ɗaura aure ke nan da masu harshen har tsawon ran injunan.

A daidai wannan lokaci wasu harsunan rediyo suka bayyana. Kamfanin Zensys na Danmak ya ƙirƙiro Z-Wave, aka kafa ƙungiyar Zigbee a 2002, ƙa'idarta ta farko ta kammala a 2004. Dukansu biyu suna aiki ne ta hanyar miƙa saƙo hannu da hannu, watau kowace na'ura mai jone da wuta tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba har ya isa. A 2012 kamfanin Philips ya fito da ƙwayayen Hue masu jin Zigbee, aka mayar da basirar daga makunni zuwa cikin ƙwan. Wannan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, domin sauya ƙwai kawai ake yi, amma ya haifar da wata matsala: da zarar wani ya kashe tsohon makunnin bango, ƙwan ya kurmance, ba ya jin umarni, ba ya kuma miƙa wa wasu.

6.0 Gidajen da Aka Kashe daga Nesa

Da wayar hannu mai manhaja ta yaɗu bayan 2007, sai kamfanoni da yawa suka ɗauke ƙwaƙwalwar tsarin daga gida suka kai ta manyan kwamfutocinsu. Mai gida ya danna wayarsa a falo, saƙo ya bi intanet ya je wata ƙasa, sa'an nan ya dawo ya kunna fitilar da take bisa kansa. Sauƙin haɗawa da arahar kaya sun jawo masu saye, amma abin da ya biyo baya shi ne babban darasin wannan tarihi.

A 2014 kamfanin Nest, mallakar Google, ya sayi kamfanin Revolv, mai yin akwatin sarrafa gida da ake sayarwa kusan dala 300. Ran 15 ga Mayu 2016 aka rufe kwamfutocin da akwatin ya dogara da su, ya zama ba shi da amfani ko kaɗan, ko da yake an mayar wa masu shi kuɗinsu bayan an yi ta ƙorafi. Kamfanin Lowe's ya rufe tsarinsa na Iris ran 31 ga Maris 2019. A watan Mayu 2020 kamfanin Wink ya sanar da masu akwatinsa cewa sai sun riƙa biyan kusan dala 5 kowane wata, in ba haka ba aiki ya tsaya. A watan Afrilu 2022 kwamfutocin Insteon suka mutu ba tare da sanarwa ba, sai a watan Yuni wasu daga cikin masu amfani da tsarin suka sayi kamfanin suka tashe shi.

Idan muka duba waɗannan misalai da kyau za mu ga wani bambanci mai muhimmanci. Masu Revolv sun rasa akwatinsu ɗungurungum. Masu Iris kuwa, da yawa daga cikin na'urorinsu masu jin Zigbee ko Z-Wave sun koma ƙarƙashin akwatin wani kamfani suka ci gaba da aiki. Masu Insteon sun rasa manhajar waya, amma makunnansu na bango sun ci gaba da magana da juna, saboda wannan magana ba ta fita daga gida. Ashe ke nan gwargwadon dogaron tsari da waje, gwargwadon asarar mai shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan ne ma ya sa manhajoji na kyauta irin su openHAB ta 2010 da Home Assistant ta 2013, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfuta a cikin gida, suka sami karɓuwa.

Manyan kamfanoni su ma sun ga illar rarrabuwar harsuna. A watan Disamba 2019 Apple da Google da Amazon da ƙungiyar Zigbee suka sanar da shirin yin harshe guda, wanda aka sa wa suna Matter, ya kuma fito a watan Oktoba 2022, fitilu da marufan taga suna cikin kayan da ya fara ɗauka. Yana aiki a cikin gida ko babu intanet. Watau bayan shekaru 32 an sake komawa ga shawarar da kamfanonin Turai suka yanke a 1990. Sai dai yaro ne tukuna in an gwada shi da KNX, bai kai shekarun da za a auna juriyarsa ba.

7.0 Abin da Tarihi Yake Koya wa Mai Zaɓe

Abu na farko shi ne bambancin tsawon rai. Waya a bango tana iya kai shekaru 40, injin asabari yakan yi shekaru 15 ko fiye, amma manhaja da akwatin kamfani, kamar yadda muka gani, wani lokaci ba sa kai shekaru 5. Hikima ita ce kada a ɗaure abu mai tsawon rai da mai gajeren rai. Mai sabon gini zai fi samun kwanciyar hankali in ya sa injuna na gama-gari, masu wayar hawa da wayar sauka, ya ja wayar kowace taga da kowane layin fitila zuwa akwatin rarraba wuta, ya kuma bar bututu fanko a bango. Da haka, ko wane harshe ya yi nasara nan gaba, abin da zai sauya yana cikin akwati ɗaya. Mai tsohon gida kuwa rediyo ne rabonsa, amma gara ya zaɓi harshen da kamfanoni da yawa suke ji, ya kuma sa basirar a bayan makunnin bango maimakon cikin ƙwan fitila, domin baƙo da yaro da tsoho su iya kunna haske kamar yadda suka saba.

Abu na biyu shi ne asabari ya bambanta da fitila. Fitilar da ta ƙi kamawa damuwa ce kawai, amma asabarin da ya ƙi ɗagawa yana iya zama sanadin mutuwa in gobara ta tashi wuta kuma ta ɗauke. Saboda haka tilas ne taga ko ƙofar da za a bi a tsira ta kasance tana da sandar juyawa ko batir. Haka kuma na'urar da za ta sarrafa injin dole ta zama wadda aka yi musamman don asabari, wadda ba ta barin wutar hawa da ta sauka su shiga tare, domin hakan yana lalata inji. Ana kuma bukatar ma'aunin iska da zai naɗe rumfa da faifan inuwa na waje in guguwa ta taso, da ma'aunin ƙofa da zai hana asabari ya sauka ya kulle mai gida a waje yana zaune a baranda. Duk waɗannan ayyukan tsaro ne, bai kamata su jira intanet ba.

Abu na uku shi ne amfanin da ya cancanci kuɗin. Tun bayan tsananin zafin 2003, wanda ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, Turawa suka ƙara fahimtar cewa inuwar da take wajen gilashi ta fi labulen ciki hana zafi, tun da tana tare rana kafin ta shiga. Tsarin da yake sauke asabarin gabas da hantsi, na yamma da la'asar, ko da babu kowa a gida, yana rage aikin na'urar sanyaya ɗaki. Wannan aiki agogo da ma'aunin haske sun ishe shi. Umarni da murya da sauya launin fitila ƙari ne, ana iya ɗora su daga baya, in sun lalace kuma gida ba ya tsayawa. Wannan batu ya shafi masu gini a biranenmu da suka fara sayen irin waɗannan kaya, domin inda wuta take yawan ɗaukewa, tambayar farko ita ce me na'ura za ta yi in wuta ta tafi, kuma ko za ta tuna umarninta in ta dawo.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi tarihin sarrafa fitilu da marufan taga daga makunnin Holmes na 1884 zuwa Matter na 2022. Mun ga X10 ya daɗe duk da rauninsa, KNX ya daɗe duk da tsadarsa, alhali wasu tsare-tsare da suka fi su kyan gani da sauƙi sun shuɗe cikin 'yan shekaru, suka bar masu su da asara. Bisa ga wannan, muna ganin tambayoyi uku sun wajaba a kan mai zaɓe kafin ya biya kuɗi: kamfanoni nawa ne suke jin harshen wannan tsari, shin zai yi aiki in an yanke intanet ko kamfanin ya rufe, kuma ina hanyar hannu in komai ya tsaya. Ya kuma tabbata ya karɓi zanen wayoyi da fayil ɗin tsari da kalmomin sirri daga hannun wanda ya yi masa aiki, ya ajiye su tare da takardun gida, domin wanda zai gyara tsarin bayan shekaru 20 wataƙila ba a ko haife shi ba tukuna.